Babi na 6: Sakan Biyu da Rabi

Wanda ya saba kallon zari-rugar Amurka a talabijin rabin wasan kawai yake gani. Kyamara ƙwallo take bi, ƙwallo kuwa yana hannun kwatabak, mai jifan da duk harin ƙungiya ya rataya a wuyansa. Da zarar an miƙa masa shi, masu cafewa sukan ruga gaba su fice daga fuskar talabijin, masu tsaronsu na biye da su, sai a bar mai kallo da ƙattin da ke tunkuɗar juna a tsakiyar fili. Bayan sakan uku ko huɗu ya ga wani ƙato ya rungumi kwatabak ya maka shi da ƙasa. Fili ya ɗauki sowa, mai sharhi ya ambaci sunan ƙaton, a rubuta masa kaye ɗaya a littafi. Abin da ba a nuna ba shi ne dalilin da ya sa kwatabak ɗin ya tsaya riƙe da ƙwallo har aka cim masa. Sau da yawa dalilin yana can yadi 15 ko 20 daga wurin, inda wani siririn mai tsaro ya manne wa mai cafewa ya hana shi sakat, kwatabak ya ɗaga kai ya duba, bai ga inda zai jefa ba.

Lissafin abin ba shi da wuya. Kowane ɓangare mutum 11 ne. A cikin masu kai hari, biyar 'yan katanga ne, aikinsu tare hanya, doka ma ba ta yarda su cafe ƙwallo ba. Na shida kwatabak. Saura biyar, su ne ake iya jefa wa. Kocin tsaro kuwa dole ya raba nasa 11 ɗin gida biyu kafin kowane bugu: waɗanda za su auka wa kwatabak, da waɗanda za su koma baya su tsare mutum biyar ɗin nan. In ya tura huɗu gaba, yana da bakwai a baya, wato rarar mutum biyu. In ya tura biyar, rarar ta koma ɗaya. In ya tura shida, kowa a baya ya ji da nasa, wanda ya zame babu mai rufa masa asiri. Duk abin da ya haura huɗu ya zama rubdugu. A ƙa'ida 'yan baya huɗu ne, biyu a gefe suna fuskantar masu cafewa ido da ido, biyu a ƙurya suna tsaron nesa, sai 'yan tsakiya da ke taimaka wa kowane ɓangare gwargwadon umarni. A zamanin nan da ƙungiyoyi ke yawan fito da masu cafewa uku, 'yan baya biyar ake gani a yawancin bugu.

Bayan lissafin mutane sai na lokaci. Babu mai tsaron baya, komai gudunsa, da zai iya riƙe ƙwararren mai cafewa har abada, don shi mai cafewa ya san inda za shi, mai tsaro kuwa da baya-baya yake farawa yana karanta ƙugun abokin karawarsa. A ɗaya gefen, babu mai farmakin da zai ture ƙaton da ya haura kilo 140 ya isa ga kwatabak cikin ƙiftawar ido. A matsakaici jifa a gasar NFL yana barin hannu tsakanin sakan biyu da rabi zuwa uku. Tashar ESPN ma, tun 2018, da wannan ma'auni take auna masu farmaki: wanda ya kuɓuce wa mai tare shi kafin sakan 2.5 ya ci wannan karon, ko ya taɓa kwatabak ko bai taɓa ba. Saboda haka 'yan baya suna ƙoƙarin jinkirta jifan ya wuce wannan iyaka, 'yan gaba suna ƙoƙarin iso wa kafin 'yan baya su gaji. Tamkar farautar gayya ce, wasu na kora wasu na tare; in masu kora suka yi sanyi nama ya sami sararin zaɓen hanya, in masu tare suka bar kafa korar ta tashi a banza.

Ƙungiyar Seattle Seahawks ta koyi wannan darasi da tsada. A kakar 2012 ta riga ta tara 'yan bayan da duk gasar ke shakka: Richard Sherman da Brandon Browner a gefe, Earl Thomas da Kam Chancellor a ƙurya. Amma a Janairun 2013, a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Atlanta, babban mai farmakinsu Chris Clemons yana jinyar gwiwa, ba su kayar da kwatabak Matt Ryan ko sau ɗaya ba. Saura sakan 31 a tashi suna kan gaba, Ryan ya tsaya hankalinsa kwance ya yi jifa biyu, Atlanta ta buga ƙwallo ta ci, aka tashi 30 da 28. Koci Pete Carroll ya gane inda giɓin yake. A watan Maris ƙungiyar ta ɗauko masu farmaki biyu, Cliff Avril daga Detroit da Michael Bennett daga Tampa Bay. Ba a ma sa su a jerin masu fara wasa ba yawanci. Ana shigo da su ne da sauran ƙarfinsu a lokacin da kowa ya san jifa za a yi, a matsar da Bennett ciki ya kara da ƙattin tsakiya waɗanda ba su kai shi sauri ba. A kakar 2013 Seattle ce ta fi kowa hana maki, 231 kacal aka ci ta a wasa 16, ita ta fi kowa hana yadi, kuma ita ta fi kowa ƙwace ƙwallo. Sau 28 suka wafce jifa a iska, takwas daga ciki na Sherman ne.

Ranar 2 ga Fabrairun 2014 suka haɗu da Denver Broncos a wasan ƙarshe na Super Bowl a jihar New Jersey. Denver ta zo da maki 606 a kakar, abin da ba a taɓa yi ba, kwatabak ɗinta Peyton Manning ya jefa tacdawun 55, wato jifan da aka kai har gidan abokan hamayya. Manning ba mai gudu ba ne, makaminsa kai ne da saurin sakin ƙwallo. Kafin a iso shi ya riga ya jefa. A wannan dare sau ɗaya tak Seattle ta kayar da shi, shi ma can kusa da tashi bayan wasa ya riga ya mutu. Jifansa 34 suka isa hannun mutanensa, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a Super Bowl kafin ranar. Wanda ya karanta waɗannan alƙaluma biyu kawai zai ɗauka Denver ta sha daɗi. An tashi 43 da 8, Seattle ce da nasara.

Bugu ɗaya ya isa ya bayyana yadda aka yi. A zango na biyu, Denver tana bin bashin maki 15, ta kutsa har yadi 35 daga gidan Seattle, tana kan dama ta uku da buƙatar yadi 13. Masu cafewa suka bazu, 'yan baya suka rufe nesa, Manning ya ɗan dakata. A wannan ɗan dakatawar Avril ya tura mai tare shi baya-baya har jikin Manning, ya doki hannunsa daidai lokacin sakin ƙwallo. Ƙwallo ya tashi sama yana lilo, ɗan tsakiya Malcolm Smith ya cafe ya ruga yadi 69 har gida. Smith aka ba kyautar gwarzon wasan. Ba na jayayya da cewa ya yi ƙoƙari, amma a wannan bugu shi ne wanda ya fi kowa samun aiki mai sauƙi. 'Yan baya suka sayi rabin sakan, Avril ya kashe shi, Smith ya karɓi riba. Jifa 34 ɗin nan kuwa yadi 280 kawai suka haifar, don tsarin Seattle ya bar wa Manning gajerun jifa da gangan, duk wanda ya cafe kuma ya tarar da Chancellor na jiransa.

Ta yaya ɗan baya ke sayen lokaci? Hanya ta farko ita ce hannu. Harin jifa na zamani a kan ƙidayar taku aka gina shi: kwatabak ya ja baya taku uku ko biyar, mai cafewa ya yi taku kaza ya juya, ƙwallo ya same shi a wurin da aka yi alkawari. In mai tsaron gefe ya tsaya masa a hanci ya dafe ƙirjinsa tun a layin farawa, alkawarin ya tashi, kwatabak ya gama takunsa mutuminsa bai iso ba, dole ya juya ga na biyu. Kowane juyin kai yana cin wani abu daga sakan biyu da rabin nan. Shi ya sa Carroll ya riƙa neman dogayen 'yan gefe masu dogayen hannuwa. Sherman, wanda sai a zagaye na biyar aka zaɓe shi a 2011, mai cafewa ne a jami'ar Stanford kafin ya koma tsaro, ya san hanyoyin da ake bi tun daga ciki. Amma doka ta taƙaita wannan makami tun da daɗewa. A 1978 hukumar gasar ta hana taɓa mai cafewa bayan ya wuce yadi biyar, dokar da har yau ake laƙaba wa sunan Mel Blount na Pittsburgh saboda yadda yake murƙushe masu cafewa, kuma a shekarar aka yarda 'yan katanga su miƙe hannuwa su buɗe tafi wajen tarewa. A zama ɗaya aka rage wa ɓangarorin tsaro biyu ƙarfi. A 2004 aka sake tsananta dokar, bayan 'yan bayan New England sun wahalar da masu cafewar Indianapolis, Ty Law shi kaɗai ya wafce jifa uku na Manning, wanda a lokacin yake Indianapolis.

Hanya ta biyu ita ce ruɗu. Kafin a fara bugu kwatabak yana ƙirga 'yan ƙurya: ɗaya ne a tsakiya ko biyu ne a rabe? Amsar ita ke gaya masa inda kafa za ta buɗe. Sai masu tsaro su nuna masa biyu, ana miƙa ƙwallo ɗaya ya gangaro ɗayan ya koma tsakiya. Abin da ya karanta ya zama ƙarya, sai ya sake karatu ƙwallo na hannunsa, ƙatti na tahowa.

Su ma 'yan gaba suna biyan nasu bashin. Ɗan gefen da ya tabbata ƙwallo zai fito da wuri ba ya tsoron a yaudare shi da juyi biyu a wuce shi, don irin wannan hanya tana buƙatar lokacin da kwatabak ba zai samu ba. Sai ya tsuguna a kan gajeriyar hanya yana jiran ya wafce. Kuma farmaki iri-iri ne. Wanda ya zo ta gefe, ƙwararren kwatabak yakan taka gaba ya bar shi ya wuce. Wanda ya zo ta tsakiya shi ne mugu, yana toshe ido, yana hana taka ƙafar gaba, jifa ya fita ba ƙarfi. In aka haɗa biyun, gaba kura baya siyaki. Akwai kuma wani sharaɗi da 'yan kallo ba su cika lura da shi ba: idan 'yan baya suna tsaron mutum-da-mutum, sun juya wa kwatabak ƙeya ke nan. Mai farmakin da ya bar layinsa don kwaɗayin kaye ya buɗe ƙofa, kwatabak mai gudu ya fice ya ci yadi 20 kafin wani ya waiwayo. A irin wannan bugu koci ya fi son mai farmaki ya matse a hankali, ko da sunansa ba zai shiga littafi ba.

To wanda huɗunsa ba sa isa fa? Sai rubdugu, kuma a nan ne ake gane kocin da ya san lissafi da wanda zuciya ke ja. Babu wanda ya kai Buddy Ryan na Chicago Bears suna a wannan fanni. Tsarinsa na 46, wanda ya samo suna daga lambar rigar ɗan wasansa Doug Plank, yana cunkushe layin gaba da mutane har 'yan katanga su rasa wa za su tare. A kakar 1985 Chicago ta ci wasa 15 cikin 16, ta kuma lallasa New England 46 da 10 a Super Bowl. Wasa ɗayan da ta faɗi shi ne abin dubawa. Ranar 2 ga Disamba a Miami, kwatabak ɗin Miami Dan Marino, wanda ba a taɓa ganin mai saurin sakin ƙwallo irinsa ba, ya bazu da masu cafewa uku, ya riƙa jifa kafin rubdugun ya iso, aka bar 'yan bayan Chicago ɗaya-da-ɗaya ba mataimaki. Kafin hutun rabin lokaci Miami ta ci maki 31, aka tashi 38 da 24.

Maganin da ya fi daɗewa daga wajen tsohon ɗan baya ya fito, kuma ba na jin hakan haɗuwa ce kawai. Dick LeBeau ya yi shekara 14 yana tsaron gefe a Detroit, ya wafce jifa 62, ya san ɗacin a bar ka kai kaɗai a fili. Da ya zama kocin tsaro a Cincinnati a shekarun 1980, daga baya kuma a Pittsburgh, sai ya tsara rubdugun da ba ya tona asirin baya: a turo ɗan tsakiya ko ɗan baya daga inda ba a zata ba, a janye ɗaya daga cikin ƙattin gaba ya koma ya tsare yanki. Mutum biyar ke zuwa, shida na baya, uku kusa uku nesa. Kwatabak ya ga rubdugu, ya yi saurin jefawa inda ya saba samun kafa, ya tarar da ƙato tsaye a wurin.

Akasin wannan hikima an gan shi ranar 6 ga Disambar 2020. New York Jets, wadda ba ta ci wasa ko ɗaya ba a kakar, tana gaban Las Vegas Raiders 28 da 24, saura sakan 13, ƙwallo na yadi 46 daga gida. Abin da kawai ake buƙata shi ne kada kowa ya wuce ta baya. Kocin tsaro Gregg Williams ya aika rubdugu gaba ɗaya, bai bar kowa a ƙurya ba. Kwatabak ɗin Raiders Derek Carr ya taka gaba ya cilla wa Henry Ruggs, ɗaya daga cikin mafiya gudu a gasar, wanda ke fuskantar sabon ɗan wasa shi kaɗai. Washegari aka sallami Williams.

Kakar 2020 ɗin dai ta ba da gwaji mai tsabta, ƙungiyoyi biyu, haɗuwa biyu. A ƙarshen Nuwamba Tampa Bay ta bar ɗan gefe ɗaya da Tyreek Hill na Kansas City. Hill ya ci yadi 203 a zangon farko kaɗai, ya ƙare da 269 da tacdawun uku. Da suka sake haɗuwa a Super Bowl ranar 7 ga Fabrairun 2021, kocin tsaron Tampa Bay Todd Bowles, mutumin da aka sani da son rubdugu, ya danne halinsa. Ya ajiye 'yan ƙurya biyu can nesa kusan dukan wasan, ya bar aikin gaba ga mutum huɗu. Abin da ya ba shi wannan dama shi ne Kansas City ta zo ba manyan 'yan katangarta biyu na gefe, duka suna jinya. Kwatabak ɗinta Patrick Mahomes ya kwana yana gudun ceton rai, na'urorin da ke kafaɗun 'yan wasa suka auna ya yi kusan yadi 500 yana zagaye kafin jifa. Hill ya tsaya a yadi 73, Kansas City ba ta ci tacdawun ko ɗaya ba, aka tashi 31 da 9. 'Yan bayan da aka yi wa dariya a Nuwamba su ne dai a Fabrairu.

Masu gina ƙungiya ba su da sukunin cewa duka biyun suna da muhimmanci, don tun 1994 akwai iyakar kuɗin albashi, dole a zaɓi inda za a zuba. Kasuwa ta daɗe da ba da amsarta: a 2025 manyan masu farmaki sun kai dala miliyan 40 a shekara, manyan 'yan gefe suna wajen miliyan 30. Masu wannan ra'ayi suna da hujja a New York Giants ta kakar 2007, wadda 'yan bayanta ba wasu fitattu ba ne amma ta fi kowa kaye, 53. Da Michael Strahan da Justin Tuck da Osi Umenyiora, haifaffen Landan da iyayensa 'yan Najeriya ne, suka kayar da kwatabak ɗin New England Tom Brady sau biyar a Super Bowl, suka hana ta kammala kakar da ba ta faɗi ko sau ɗaya ba, 17 da 14. Sai dai a 2019 manazartan kamfanin Pro Football Focus suka fitar da binciken da ya tayar da ƙura: ingancin tsaron baya ya fi alaƙa da hana maki, amma kuma shi ya fi saurin canzawa daga shekara zuwa shekara, alhali gwanin farmaki na bana galibi shi ne gwanin baɗi.

A ganina sakamakon biyu ba sa karo da juna, kuma su ne ke bayyana kasuwar. A gaba, gwani ɗaya yana iya rikita wasa, don kwatabak ba shi da ikon zaɓen wanda zai auka masa. A baya kuwa kwatabak ne ke zaɓe. Ka mallaki gwanaye huɗu da rago ɗaya, ragon zai nema tun daga farko har tashi. Don haka kuɗi mai yawa a kan mutum ɗaya ya fi amfani a gaba, a baya kuma abin nema shi ne kada a sami rago, wanda aiki ne na zaɓen matasa da horo fiye da na sayen tauraro.

Philadelphia Eagles ta kakar 2024 kusan haka ta yi. Ta ɗauki 'yan baya biyu a zagaye na farko da na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, Quinyon Mitchell da Cooper DeJean, ta sa su wasa tun a shekararsu ta farko, ta kuma tara 'yan gaba da yawa tana musanya su. A Super Bowl na ranar 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans, kocin tsaro Vic Fangio bai kira rubdugu ko sau ɗaya ba a kan Mahomes, amma an kayar da shi sau shida. A zango na biyu an kayar da shi sau biyu a jere, ya tashi da buƙatar yadi 16 a dama ta uku, ya gudu dama ya tilasta jifa, DeJean ya wafce ya kai gida, ranar da ya cika shekara 22. Kafin Kansas City ta ci makinta na farko an riga an zura mata 34, aka tashi 40 da 22.

Bayan wata ɗaya kasuwa ta buɗe. Josh Sweat, mai kaye biyu da rabi a wasan, ya tafi Arizona. Milton Williams, mai kaye biyu, New England ta ba shi kwantiragin shekara huɗu na dala miliyan 104. Tsohon ɗan gefe Darius Slay aka sallame shi ya koma Pittsburgh. Mitchell da DeJean suka zauna, don albashinsu na sababbin shiga bai kai ya dami kowa ba tukuna.